ƊAN KONGOLAM YA RUBUTA ABIN DA IDONSA YA GANI

A kowace shekara, da zarar manyan makarantun koyon ciniki sun buɗe ƙofar neman shiga, sai ka ga samarinmu waɗanda suka gama jami'a suna ta kai da kawowa, wannan na neman takardar sakamako, wancan na neman wanda zai tsaya masa shaida. Duk wannan daidai ne. Amma akwai takarda guda wadda ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa sau da yawa ita ke raba gardama. Ita ce wadda ake ce wa mai nema ya rubuta da kansa, ya faɗi ko shi wane ne, me ya taɓa aikatawa, me ya sa yake son wannan ilmi, kuma me zai yi da shi in ya samu. A kanta muke so mu ja hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ofis, musamman na ƙasar Daura, don su ne samarin nan ke kai wa takardunsu su duba.

Neman irin wannan ilmi ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Kongo, cikin Zariya, wadda ta zama Makarantar Koyon Sha'anin Mulki a 1954, ta kuma shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A wancan zamani galibi En'e ce ke zaɓen wanda za ta aika. In shugabanka ya san ka, ya yarda da aikinka, to, magana ta ƙare, takardarka ta ladabi ce kurum. Yanzu kuwa al'amari ya sake. Ko Zariya mutum ya nufa, ko makarantar ciniki ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero a Kano, ko kuwa yana neman taimakon karatu na Chevening wanda Gwamnatin Ingila ke bayarwa tun 1983, masu zaɓe ba su san shi ba, ba su san ubansa ba. Wasu makarantun na gida sun fi duban sakamako da shaidu, amma na ƙasashen waje, da masu ba da kuɗin karatu, lalle sai sun karanta abin da ya rubuta. Takardar nan ita ce fuskarsa, ita ce kuma bakinsa.

To, ina samarinmu ke tuntuɓe? Wuri uku ne.

Na fari, roƙo. Mun gaji wani salon rubutu daga zamanin masu rubuta wa jama'a takardar ƙara a bakin ofis, inda ake buɗewa da gaisuwa mai yawa, a rufe da neman a dube mutum da idon rahama. Sai yaro ya cika shafi da cewa shi talaka ne, iyayensa sun tsufa, a taimake shi don Allah. Wannan ya dace da mai neman sadaka. Makarantar ciniki kuwa tambayarta ita ce, in mun ba ka wannan kujera mun hana wani, me za ka ƙaro mana?

Na biyu, aro. Akwai shagunan kwamfuta inda ake ajiye takarda guda ana sake mata suna, a sayar wa kowa. Wasu kuma intanet suke shiga su kwaso ta wani, ko su sa na'ura ta tsara musu. Sai ka ji ɗan Mai'aduwa yana magana kamar wanda ya tashi a London, yana cewa tun yana ƙarami yake mafarkin gyara duniya. Masu zaɓe sun karanta irin wannan har sun ƙoshi. Kuma kayan aro ba ya rufe katara, don ranar da aka kira shi a yi masa tambayoyi baki da baki, nan asiri ke tonuwa. Banda haka ma, wanda ya fara neman ilmin riƙon dukiyar jama'a da ƙarya, wace amana za a ba shi gobe?

Na uku, kunya. Wannan shi ne ya fi wuyar magani, don tushensa mai kyau ne. An koya mana cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Amma yabon kai daban, ba da shaida daban. Wanda ya ce "ni haziƙi ne, ni shugaba ne" ya yabi kansa, ba kuwa wanda zai gaskata shi. Wanda ya ce "an ba ni riƙon littafin shagon kawuna shekara biyu, na tarar bashi ya cinye rabin jari, ga yadda muka bi muka karɓo shi" bai yi alfahari ba, ya faɗi abin da ya auku ne, kamar mai shaida a gaban alƙali. Hukunci ya rage wa mai karatu.

Abin takaicin shi ne, yaron da ya tashi a Kongolam yana zaune a kan dukiyar da ba ya ganin darajarta. Garin nan yana bakin iyakar Nijeriya da Nijar, kan hanyar da ta tashi daga Daura ta bi ta Matamai zuwa Damagaram. Tun yana ɗan firamare ya san naira ya san sefa. Ya ga shanu da tumaki da raƙuma suna gangarowa daga arewa zuwa kasuwar Mai'aduwa, ya ga hatsi da kayan masana'anta suna haurawa. Ya san aikin dillali da la'adarsa, ya san yadda maigida ke saukar da baƙon fatake, ya tsaya masa, a ba da kaya bashi ba tare da takarda ba, a kuma biya. Ya ga abin da ya sami kasuwa sa'ad da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019, da kuma sa'ad da aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ya san cewa sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, wato yuro, naira kuwa tana hawa tana sauka, har mai saye da wannan ya sayar da waccan yana iya kwana da riba ya tashi da faɗuwa.

Jama'a, ai wannan shi ne ainihin abin da ake koyarwa. Makarantar ciniki ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda aka kafa a 1908, ta yi suna ne a kan koyarwa da labarin matsalolin da suka sami 'yan kasuwa na gaske: a kawo magana, ɗalibai su tattauna, kowa ya faɗi yadda zai yi in da shi ne. Makarantu da yawa sun bi wannan hanya. Ashe ke nan ɗalibin da ya zo da abin da sauran 'yan ajin ba su taɓa gani ba, shi ake marmari. Ɗan Kongolam ya bar wannan ya tafi aron maganar wani, ya zama mai zinariya a aljihu yana baran kwabo.

Shawararmu ga mai nema gajeriya ce. Ya karanta tambayar da aka yi masa sau uku, ya amsa ita kaɗai, kada ya wuce adadin kalmomin da aka yanka masa. Ya zaɓi abu guda ko biyu da ya aikata, ya faɗi wuri da shekara da abin da ya fito, har da inda aka yi hasara da abin da ya koya. Ya faɗi abin da ya gagare shi wanda ya sa yake neman makaranta, ko lissafin jari ne, ko dokokin kwastan, ko yadda ake mai da cinikin gida kamfani wanda ba zai mutu da mutuwar mai shi ba. Sa'an nan ya faɗi inda zai komo da ilmin. Masu Chevening ma sharaɗinsu ne mutum ya koma ƙasarsa aƙalla shekara biyu bayan karatu.

Wani zai ce, ai Turancin yaranmu bai kai ba, in ba a rubuta musu ba za a bar su a baya. Muna ganin wannan damuwa, amma maganinta a hannun malamai yake. Malam ya zaunar da yaro, ya sa shi ya ba da labarin da Hausa tukuna, ya yi ta yi masa tambaya har gaskiyar ta fito, sa'an nan yaro ya rubuta da kansa, malam ya nuna masa inda nahawu ya karkace. Gyara halal ne, rubuta masa kuwa cuta ce. Haka kuma wanda aka nemi ya tsaya shaida, ya faɗi abin da ya gani na aikin yaron, ya bar jera kalmomin yabo waɗanda za su dace da kowa.

Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya tara dukiyarsa ta goro da gyaɗa ba tare da ya zauna a irin waɗannan azuzuwa ba. Amma kasuwar yau ta banki ce da kamfani da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, kuma in 'ya'yan bakin iyaka ba su sami wannan ilmi ba, wasu za su zo su riƙe musu cinikin da kakanninsu suka kafa, su kuwa su koma 'yan dako. Kujerun kaɗan ne, masu nema da yawa. Kada mu bar yaranmu su rasa su saboda takarda guda. Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da shi, amin.