Jinjina ga Masu Tsefe Dangin Ficopomatus, da Sauran Rina a Kaba

Tsutsa ce da tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Tana gina wa kanta bututun farar ƙasa, ta zauna ciki, ta leƙo da gashin kanta tana tace abinci a ruwan da gishirinsa bai kai na teku ba. Da ta ji motsi sai ta shige, ta ja marfi. Marfin nan mai siffar ɓaure shi ya ba danginta suna, Ficopomatus, wanda masani Southern ya raɗa a 1921 bisa wata da aka samo a Indiya.

A 1923 Pierre Fauvel ya bayyana wata da ta ɓulla a mashigin ruwan Caen na Faransa, ya kira ta Mercierella enigmatica, wato mai ɗaure kai. Daga nan duk wanda ya kankaro farin bututu a bakin kogi sai ya laƙaba masa wannan suna, har a wani binciken gulbin Legas da aka buga a 1967.

Masana biyu 'yan Holan, ten Hove da Weerdenburg, su suka zauna suka tsefe wannan kitso a 1978. Sun cancanci jinjina, domin aiki ne na cin ido: a zaro tsutsa daga kwalba, a sa a madubin ƙara girma, a duba marfi. Na enigmaticus, wato tsutsar Fauvel, yana da lotsawa a ka, baƙaƙen ƙayoyinsa sun lanƙwaso ciki. Na 'yar'uwarta uschakovi kuwa a dunƙule yake, ƙayoyin suna kallon waje. Da irin wannan suka rushe sunaye huɗu, har da Mercierella da Neopomatus, suka mai da su gida ɗaya, wato Ficopomatus. Ta Legas ma ashe uschakovi ce, mai son ruwan ɗumi.

Kada a ce wasan malamai ne. A tafkin Mar Chiquita na Ajantina bututun enigmaticus sun taru sun zama tsibirai masu faɗin mitoci, a wasu tashoshin kuma suna toshe bututun ruwa, suna manne wa jiragen da ke yawo da su. Wanda bai san wacce ta shigo masa ba, ina zai san zafin ruwan da za ta jure?

Sai dai marfi ba ya faɗin komai. Gwajin ƙwayoyin gado da aka buga a 2017 ya nuna abin da ake kira enigmaticus a kudancin Ostireliya rukuni uku ne mabambanta, kuma har yau masana ba su daidaita kan mahaifarta ba. Magadan wannan aiki sai su koma bakin ruwa, su ɗebo sabbi, su adana a barasar gwaji maimakon fomalin mai lalata ƙwayar gado. Jami'o'inmu na gaɓar teku su fara da turakun gadojin Legas.