Karen Azawak Ya Fi Mana Ƙaton Karen Waje

Yau malaminku na gona yana son mu yi shawara bisa kare. Kada ku yi dariya. Wanda dila ya taɓa shiga wa garke da dare ya san zancen ba na wasa ba ne.

Bara wani maƙwabcina a nan Anu Araren ya sayar da awaki huɗu, ya yi saƙo aka kawo masa ɗan kwikwiyo daga kudu, irin wanda Faransawa ke kira Dogue allemand. Ya girma kamar maraƙi, yara na zuwa kallo. Ran nan ya cinye kwano cike da tuwo, ya sha ruwa, ya yi gudu. Cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana kakarin amai babu abin da ke fita. Kafin asuba ya mutu. Wannan ciwo murɗewar tumbi ne. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji ya fi kamawa, kuma maganinsa sai aikin fiɗa cikin gaggawa. Ina mai lambu zai samu wannan da tsakar dare?

Ga ra'ayina: ƙaton karen waje ba na ƙasarmu ba ne. Nauyinsa ya kan wuce kilo 50. Abincinsa ya ninka na karenmu sau biyu ko fiye. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, yana galabaitar da shi. Ko a Turai ba kasafai yake wuce shekara 10 ba. Wani zai ce girmansa na tsorata ɓarawo. Gaskiya ne. Amma dila ba ya tsayawa a yi kokawa. Sai kare mai kunne, mai ƙafa, mai jure ƙishirwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan kare kuwa muna da shi: karen Azawak, wanda Buzaye ke kira oska. Sunansa daga kwarin Azawak ya fito, tsakanin Nijar da Mali, kamar saniyar Azawak da ake kiwon irinta a Tukunus. Namiji yana kai santimetir 64 zuwa 74 a kafaɗa, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Dogo ne, siriri, yana kamo zomo da gudu. Yana son mutanen gidansa, ba ya sakin jiki da baƙo. Tun wajen 1970 Turawa suka fara kai shi Yugoslabiya da Faransa, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa shi cikin littafinta. Su suna biyan kuɗi su kwashi namu, mu muna sayar da awaki mu sayo nasu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Amma laifinmu shi ne sakaci. Malamai sun halatta riƙon kare don tsaron garke da gona da farauta. Wanda ya ɗauke shi aiki, to ya biya shi hakkinsa. Ga abin da ya kamata:

1. Ruwa mai tsabta a kaskonsa na kansa, cikin inuwa, kullum.

2. Abinci sau biyu a yini, kaɗan-kaɗan: tuwo, nono, dafaffen nama. Kada ya yi gudu da ya gama ci. Ganin haƙarƙarinsa ba yunwa ba ce, halittarsa ce.

3. Gashinsa gajere ne. Cikin sanyin Disamba da Janairu a shimfiɗa masa tsohon buhu inda iska ba ta bugawa.

4. In an yanka rago ko raƙumi aka ga ƙulli mai ruwa a hanta ko huhu, kada a jefa wa kare. A ƙone ko a binne da zurfi. Tsutsa ce. Tana girma cikin hanjin kare, ƙwanta ya fita da kashinsa, ya koma ga bisashe da mutane ta ciyawa da ganyen lambu. A nemi maganin tsutsa wajen ma'aikatan kiwo bayan kowane wata uku. A riƙa cire masa kaska.

5. Allurar haukan kare tun yana wata uku, a sake kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, da yawansu yara. Tun 1885 Louis Pasteur ya samo rigakafinsa a Faransa, amma in alamun ciwon sun bayyana, babu magani. Kare ya ciji yaro? A wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti ran nan ran nan. A ɗaure karen, a kira likitan dabbobi.

Ku da kuka gama yaƙi da jahilci, ku karanta wa sauran wannan takarda a bakin rijiya. Ku rubuta ranar allurar karenku a littafin da kuke rubuta ta awaki. Allah ya tsare mana garke da lambu.