'Ya'yanmu Masu Jiran Amsar Aiki: Ina Ikilisiya Take?



Wata ranar Lahadi bayan an tashi sujada a nan Gonin Gora, wata 'yarmu ta tsaya har majami'a ta watse kafin ta zo wurinmu. Ta karanta ilimin tattalin arziki a jami'a, ta gama bautar ƙasa, ta nemi aiki a wani kamfani a Abuja mai ba da shawara kan harkokin gudanarwa. Ta ci jarrabawar da aka yi musu a kwamfuta, aka kira ta ganawa, aka ce ta saurari amsa cikin mako biyu. Ranar da ta zo wurinmu wata na huɗu ke nan. Ta ce, "Baba Fasto, da sun ce mini a'a, da na huta." Sai ta ƙara da maganar da ta fi damunmu: ta daina zuwa koyon waƙa ne domin duk wanda ya gan ta sai ya tambaye ta, "Yaya, sun kira?"

Mun rubuta wannan ne domin ba ita kaɗai ba ce. Kowace ikilisiya daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga Romi zuwa Narayi, tana da irinta a kan benci. Ra'ayinmu kuwa shi ne, jiran nan ba na yaron kaɗai ba ne, na ikilisiya ne duka, kuma har yanzu ba mu ɗauke shi yadda ya kamata ba.

Bari mu fara bayyana wa iyaye irin aikin. Akwai kamfanonin da gwamnati, bankuna da manyan masana'antu suke ɗauka haya su duba musu littattafan kuɗi da tsarin aiki, su gaya musu inda ake asara da yadda za a gyara. Manyansu a duniya, irin su KPMG, PwC da Deloitte, suna da ofisoshi a Legas da Abuja, ga kuma ƙanana da yawa. Aiki ne mai albashi da daraja, saboda haka masu nema sun ninka gurabe sau da yawa. Ana tace su mataki-mataki: takarda ta intanet, jarrabawar lissafi da Turanci, sa'an nan ganawa. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Sau da dama wanda ba a ɗauka ba, ba mai rubuto masa ko layi ɗaya. Shirun nan ba yana nufin yaron ya yi wani laifi ba.

Mu da muka haura hamsin mu tuna cewa zamaninmu dabam ne. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975. Iyayenmu da yayyenmu sun baro ƙauyukan Kudancin Kaduna, Filato da Binuwai, suka tsaya a bakin ƙofar masaƙa, cikin ɗan lokaci mutum ya san matsayinsa. Da albashin nan aka gina yawancin majami'un da muke sujada a ciki. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Cikin shekarun nan kuma, bayan rikicin 2000 da na 2002, iyalai da yawa suka ƙauro kudancin kogi, unguwanni irin namu suka cika. Mutane sun ƙaru, ƙofofin aiki sun ragu. Uban da yake cewa, "Ni a shekarunka ina ciyar da gida," gaskiya ya faɗa, amma ƙofar da ya shiga an kulle ta.

Kada mu manta da ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa. Fiye da mutum rabin miliyan suka nemi guraben da ba su kai 5,000 ba, kowa ya biya naira 1,000, mutum fiye da 15 suka mutu cikin turmutsitsi. Waɗannan ba malalata ba ne. Ga kuma ƙa'idar shekaru: tallan ɗaukar sababbin ma'aikata a manyan kamfanoni da bankuna yakan ce kada mai nema ya wuce shekara 26 ko kusa da haka. To, yajin aikin malaman jami'a ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Yaron da yake jira ya san kowane wata yana matso da shi kusa da ranar da za a ce ya tsufa. Abin da yake hana shi barci ke nan.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali. A Farawa 40 da 41, Yusufu ya roƙi shugaban masu shayarwa na Fir'auna ya tuna da shi in ya koma fada. Mutumin ya manta, Yusufu ya ƙara shekara 2 cur a kurkuku. Mantuwar ta mutum ce, ba ta Allah ba. A Matiyu 20 kuma, Ubangijinmu ya ba da misalin ma'aikatan da suka tsaya a kasuwa har wajen ƙarfe biyar na yamma. Da mai gona ya tambaye su dalili, suka nuna masa cewa ba wanda ya ɗauke su ne. Bai zage su ba, bai tone zunubin kakanninsu ba. Ya ba su aiki, ya biya su ladan yini cikakke. Mu fa, yaya muke yi?

Laifinmu na fari, tambayar da take zama bulala. Muna tambaya da ƙauna, amma in mutum ashirin suka yi tambaya ɗaya cikin safiya ɗaya, yaron yakan koma gida kamar an yi masa shari'a. Haka kuma lokacin shaida: kullum wanda ya samu ne yake riƙe makirufo. Yaushe muka taɓa ba wanda yake jira dama ya ce Ubangiji ya riƙe shi cikin wata shida na shiru?

Na biyu, cinikin annabci. Akwai masu gaya wa 'ya'yanmu cewa an ɗaure takardunsu a ƙauye, sai sun shuka iri na kuɗi kafin a kwance. Yaron da ba shi da kuɗin mota zuwa Abuja ya ci bashi ya kai. In amsa ba ta zo ba, a ce bangaskiyarsa ce ta kasa, ko a nuna masa gwaggonsa a ce ita ce. Mun ga gidajen da wannan ya raba. Mu fastoci mu faɗi gaskiya daga bagade: ba a sayen alherin Allah.

Na uku, sayen gurbi. A 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aikin gwamnati, aka ji shaidar waɗanda suka biya naira miliyan ɗaya ko fiye. Mun san iyaye masu bi da suke shirye su sayar da fili domin wannan. Mu tuna da Saul a Gilgal (1 Sama'ila 13): ya gaji da jiran Sama'ila, ya miƙa hadayar da ba tasa ba ce, ya rasa sarauta. Wanda ya sayi gurbi ya ture ɗan wani ne, kuma ba za mu kawo zakkar wannan albashi mu kira shi albarka ba.

Wani zai ce, "Sunanmu ne yake hana mu." Ba za mu musa cewa ana nuna bambancin addini da ƙabila a ƙasar nan ba, kuma inda muka ga hujja, shugabanninmu su yi magana ba tsoro. Amma ku haye gada ku je Tudun Wada ko Rigasa, za ku tarar da samari Musulmi masu digiri suna duba wayarsu kamar namu. In muka koya wa yaro cewa kowane shiru ƙiyayya ce, mun cika masa zuciya da ɗaci, mun kuma hana shi gyara abin da zai iya gyarawa.

To, me za mu yi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da akantoci, ma'aikatan banki da malaman jami'a a cikin ikilisiyoyinmu. Su ba da Asabar ɗaya a wata su duba takardun neman aiki, su gwada wa matasa yadda ake ganawa, su yi musu bitar lissafin jarrabawa. Dattawa su ware wani abu daga baiko domin kuɗin mota da masauki ga wanda aka kira Abuja ko Legas. Zumuntar mata su ziyarci uwayen, gama su ma suna jira. Mu kuma sauya gaisuwarmu. Maimakon "Sun kira?" mu ce, "Muna tuna da ke cikin addu'a, me kike bukata?"

Ku kuma 'ya'yanmu, in lokacin da aka ba ku ya wuce, ku rubuta musu sau ɗaya cikin ladabi ku tambaya. Bayan haka ku nemi wani wurin, kada ku rataye ranku a ƙusa ɗaya. Kada ku raina ƙaramin aiki kafin babba ya zo: Bulus manzo, da dukan iliminsa, ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti (Ayyukan Manzanni 18). Koyarwa a makarantar unguwa ko riƙe wa ɗan kasuwa littafin ciniki ba faɗuwa ba ce. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Fiye da kome, kada ku janye daga zumunta.

'Yarmu da muka ambata ta koma cikin mawaƙa. Har muka rubuta wannan ba a kira ta ba, ba kuwa za mu yi mata alkawarin abin da Ubangiji bai faɗa mana ba. Abin da muka yi mata alkawari shi ne, ba za ta yi jiran ita kaɗai ba.

Ubangiji ya ba mu zuciyar ɗaukar nawayar juna. Amin.