Yaƙin Ofiyom: Yadda Igwa Ta Buɗe Kasuwar Sin

Duk lokacin da Turawan Yamma suka ɗaga murya suna kiran “'yancin kasuwanci”, ya kamata mai hankali ya waiwayi abin da suka yi wa ƙasar Sin da sunan wannan kalma. Can ne asirinsu ya fi tonuwa, domin hajar da suka yi yaƙi a kanta guba ce.

Tun daga 1757 mahukuntan Sin suka taƙaita cinikin Turawa a tashar ruwa guda ɗaya, wato Kanton. Ingilishi sun kamu da son ganyen shayi da alharini da tangaran na Sin, alhali Sinawa ba su da wata bukata ga kayan Ingila. Dole sai da azurfa ake biyan su. A 1793 Ingila ta tura jakada Macartney ya nemi a buɗe ƙarin tashoshi, Sarki Qianlong ya sallame shi hannu rabbana. Azurfar Ingila ta ci gaba da kwarara zuwa Sin, abin ya tsaya wa 'yan mulkin mallaka a maƙogwaro.

Sai suka koma ga makirci. Kamfanin East India, wanda ya riga ya mamaye yankin Bengal na Indiya, ya sa manoma noman ofiyom, ƙwayar maye mai kama jiki ta mayar da mutum bawanta. Kamfanin yakan yi gwanjonta a Kalkata, sannan 'yan kasuwa irin su Jardine da Matheson su yi fasa-ƙwaurinta zuwa gaɓar Sin, duk da cewa dokar ƙasar ta haramta sayar da ita tun 1729. Wajen 1820 akwati dubu huɗu zuwa biyar ke shiga a shekara. Kafin 1839 adadin ya doshi 40,000. Azurfa ta juya tana fita. Sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwanta a gidajen shan hayaƙi.

Amma fa da ɗan gari akan ci gari. Da jami'an tashar ruwa ba su karɓi toshiyar baki ba, da dillalan gida ba su fita da ƙananan jirage suna kwaso kayan ba, da akwati ko ɗaya bai taka tudu ba.

A 1839 Sarki Daoguang ya tura wani jami'i mai gaskiya, Lin Zexu, zuwa Kanton. Lin ya tsare 'yan kasuwar Turawa a unguwarsu har suka miƙa akwati sama da 20,000. A watan Yuni ya sa aka haƙa ramuka a Humen, aka narkar da ƙwayar da ruwa da gishiri da farar ƙasa, aka kora ta teku. Ya kuma rubuta wa Sarauniya Biktoriya wasiƙa yana tuhumar lamirinta kan sayar wa wasu abin da yake cutarwa. Amsar da ta zo ita ce jiragen yaƙi.

Ko a majalisar Ingila an san zalunci ne. A Afrilun 1840 an kawo ƙudurin sukar gwamnati kan lamarin, ya faɗi da ƙuri'a 271 a kan 262. Tazarar ƙuri'a tara kacal! Jiragen Sin na katako ba su iya tsayawa gaban jirgin ƙarfe mai tururi irin Nemesis ba. Lin kuwa, wanda ya tsaya wa al'ummarsa, shi aka ɗora wa laifi, fadar da ya yi wa aiki ta kore shi zuwa can yammacin ƙasar.

A Agustan 1842 aka tilasta wa Sin sa hannu a yarjejeniyar Nanjin. Ta miƙa tsibirin Hong Kong, ta buɗe tashoshi biyar ciki har da Shanghai, ta biya diyyar dalar azurfa miliyan 21, wadda miliyan 6 daga ciki kuɗin gubar da aka lalata ne. Wannan shi ne a dake ka a hana ka kuka, sannan ka biya kuɗin sanda. Shekara guda bayan haka aka ƙara sharaɗin cewa kotun Sin ba za ta hukunta Bature ɗan Ingila ba. A 1844 Amurka da Faransa suka zo suka karɓi nasu kason.

Duk da haka ba su ƙoshi ba. Daga 1856 zuwa 1860 Ingila da Faransa suka sake kai hari, aka halatta cinikin ofiyom, aka ƙwace Kowloon, sojojinsu suka wawashe fadar bazara ta Sarki da ke gefen Beijin, sannan Lord Elgin ya ba da umarnin ƙone ta. Waɗannan su ne masu da'awar kai wa duniya wayewa. Hong Kong ba ta koma hannun Sin ba sai 1 ga Yulin 1997.

Kada matashi ya ɗauka labarin nesa ne. Lugga, wanda rundunarsa ta ci Kano da Sakkwato a 1903, shi aka naɗa Gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, kafin ya dawo ya haɗe Nijeriya a 1914. A nan ma kamfanin ciniki na Neja ne ya share fage kafin tutar Ingila ta iso. Hannu ɗaya ne, salo ɗaya: kamfani a gaba, yarjejeniya a tsakiya, igwa a baya.

Saboda haka wajibi ne matasa su lura da abu biyu. Duk yarjejeniyar da mai ƙarfi ya rubuta ya miƙa wa mai rauni, a karanta ta da idon tuhuma, ko da an lulluɓe ta da sunan ciniki ko taimako. Sannan duk al'ummar da aka jefa samarinta cikin maye, kuma jami'anta suka zama abin saye, an gama cin ta da yaƙi tun kafin a harba igwar farko.