Yaron da ke kwarfar ruwa ba shi ne maganin yoyon jirgi ba

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin fito a Yawuri ko Wara ya san yaron nan da ke tsugune a tsakiyar jirgi da guntun jarka a hannu, yana kwarfar ruwa tun daga tashi har isa. Mun saba da shi har mun ɗauke shi ɗaya daga cikin kayan jirgi, kamar inji ko filafili. Ni kuwa ganinsa yana tayar mini da hankali, domin ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da yake zubarwa ta wani wuri ya shigo, kuma sau da yawa mai jirgin kansa bai san wurin ba.

In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ai jirgin katako ba ya rabuwa da ruwa." Akwai gaskiya a ciki, katako yana ɗan tsattsafo. Amma da wannan maganar ake rufe tsagar da ke ƙara buɗewa kullum.

Gano tushen yoyo aiki ne na haƙuri, don ruwa yana ruɗi. Inda ya taru daban, inda ya shigo daban, kamar ɗakin kwano da damina: ɗigon yana sauka a kan gado, alhali hujin yana can kusa da tsororuwa. A jirgi ma ruwa yana bin ƙarƙashin katakai ya gangara inda ya fi zurfi, sai kafinta ya zo ya lafta kwalta a nan, ya karɓi kuɗinsa, gobe ruwa ya dawo. Masu jiragen da iska ke kaɗawa a teku suna farawa da ɗanɗana ruwan: in da gishiri, jikin jirgi ne ya buɗe, in babu, ruwan sama ne ko tankin ruwan sha. Mu a kogin Kwara ba mu da wannan sauƙin. Amma dabararsu ta biyu tamu ce ma. A kwashe kaya, a ɗaga katakan shimfiɗa, a tsane cikin jirgi sarai da tsumma, a barbaɗa toka ko garin alli a kan kowane haɗi. Ruwan da ya fara shigowa zai ja layi a cikin tokar, sai a bi layin a haura har inda ya faro. Ko kuwa a jawo jirgi kan tudu, a zuba masa ruwa kaɗan a ciki, a zagaya ana duba inda ya jiƙe ta waje.

Abin da ya fi damuna shi ne yoyon da ba ya nuna kansa a bakin gaɓa. Katakon da ke cikin ruwa kullum a kumbure yake, haɗinsa a matse. Na sama kuwa rana da iskar hunturu suna busar da shi, ya tsuke, bakin haɗinsa ya buɗe. Jirgi ba kaya, wannan tsagar tana sama da ruwa, ba wanda zai gan ta da laifi. Ranar kasuwa aka loda buhunan masara da babura da mutane, jirgi ya nutsa da taki ɗaya, sai tsagar ta koma ƙarƙashin ruwa a tsakiyar kogi. Haka ma katakon baya da ake ɗaure inji: girgizar inji tana sassauta ƙusoshi, ba ya zuba sai ana gudu. Saboda haka gwajin da ba a yi da lodi ba, inji yana aiki, rabin gwaji ne.

Huji mai faɗin santimita biyu da rabi, ƙafa ɗaya ƙarƙashin ruwa, yana iya shigo da fiye da lita 40 a minti guda. Kowace lita kilo ɗaya ce. Nauyin yana ƙara danna jirgi, hujin yana ƙara zurfi, ruwan yana ƙara ƙarfi. Kuma ruwan da ke kwance a ciki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Jirgi ya ɗan karkata, gaba ɗayansa ya kwarara can gefen. Wane yaro ne zai yi tsere da wannan?

Mun binne mutane da yawa. A watan Mayun 2021 jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. A Nuwambar shekarar, madatsar Watari a Bagwai ta ci mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A Yunin 2023 fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki. Bayan kowanne ana maganar lodi fiye da kima, tafiyar dare, kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, da rashin rigar kariya. Duk gaskiya ne, kuma ban ce yoyo ne ya kifar da waɗannan jiragen ba. Cewa nake lafiyar katakon da ke tsakanin fasinja da kogi ita ce ba a cika tambaya ba, kuma lodin da ake kuka da shi ta kan tsagar nan yake fara yin ɓarna.

Na san uzurin masu jirgi: yinin da jirgi ya yi a tudu yini ne ba ciniki, ga iyali. Amma toka ba ta da tsada, auduga da kwalta da ƙusa ba su kai kuɗin man fita biyu ba.

Roƙona ga hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) da sarakunan ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masu fito shi ne a sa doka a kowace tasha: kafin ruwa ya kawo, kowane jirgin fasinja a fito da shi, a tsane shi, a gwada shi da lodi a gaban shaidu, wanda ya faɗi kada ya ɗauki mutum sai an gyara. Kai kuma fasinja, in ka leƙa ka ga ana kwarfa tun jirgi bai bar gaɓa ba, ka riƙe kuɗinka da 'ya'yanka, ka jira na gaba.