Ramin Da Ba Ya Cika Ba Abin Alfahari Ba Ne

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin magidanta a Gyadi-Gyadi da Tarauni da sauran unguwannin da ke kewaye da su. Mutum zai ce sokawen gidansa ya shekara goma sha biyar ba a taɓa yashe shi ba, kuma yana faɗa ne cikin alfahari, yana yaba wa maginin da ya yi masa aikin. Haƙiƙa wannan kallon kitse ne ake yi wa rogo. Gidan da mutum goma ko ashirin ke shiga bayan gida kullum ba zai rasa tara ƙazanta ba. In har ba a ga ta taru a ramin ba, to ta sami hanya ta bi ƙarƙashin ƙasa, kuma a ƙarƙashin ƙasar nan ne rijiyar gidan da ta maƙwabta suke samun ruwansu.

Abin da jama'a ke kira sokawe rami biyu ne, kowane da aikinsa. Na farko tanki ne da ya wajaba a gina shi ruf, a zuba masa kankare a ƙasa, a shafe bangonsa da siminti yadda ko ɗigo ba zai fita ba. A cikinsa dagwalo ke kwanciya, maiƙo ya taso sama, ruwan tsakiya kuma ya bi bututu ya wuce rami na biyu. Shi na biyun ne aka bar wa ƙofofi don ƙasa ta riƙa tsotse ruwan a hankali tana tace shi. Saboda haka tanki mai lafiya kullum ruwansa yana daidai bakin bututun fita, dagwalonsa kuma yana ƙaruwa har ya bukaci yasa bayan shekara uku zuwa biyar. Wanda ya wuce haka nesa ba a taɓa shi ba, ɗayan biyu ne: ko dagwalon ya tsallaka rami na biyu yana toshe shi, ko kuwa tankin ya tsage yana yoyo.

Abin da ya sa lamarin ya fi tsanani a wannan yanki shi ne cunkoso. Ƙidayar 2006 ta nuna Ƙaramar Hukumar Tarauni tana da mutum fiye da 221,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 28, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi, daga Gyadi-Gyadi zuwa Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa. Babu babbar magudanar bahaya da ta haɗa gidajen, kowa da raminsa. Ruwan famfo kuwa bai wadata ba, shi ya sa aka dogara da rijiyoyi da burtsatse da 'yan garuwa. Masana tsafta sun ba da shawarar a bar tazarar mita 30, wato kusan ƙafa 100, tsakanin rijiya da ramin bahaya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. To yaya mai filin ƙafa 50 tsawo ƙafa 50 faɗi zai cika wannan sharaɗi? Ko ya nisanta ramin daga rijiyarsa, ya kusantar da shi ga ta maƙwabcinsa. A irin wannan matsi, ingancin bangon tankin shi ne katanga ta farko tsakanin ƙazanta da randar ruwan sha.

Tarihi ya riga ya nuna abin da ke faruwa in katangar ta faɗi. A 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta birnin Landan ta kashe mutum fiye da 600. Likita John Snow ya bi diddigi ya gano cewa mamatan daga famfon rijiya ɗaya suke sha a titin Broad, kuma da aka tona sai aka tarar tsohon ramin bahaya na wani gida yana yoyo, tazararsa da rijiyar ba ta kai mita ɗaya ba. A nan gida, a 2021 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya ta lissafa mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, 3,604 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohi huɗu da suka ɗauki fiye da rabin masu cutar. Ba kwalara kaɗai ba, taifot da atuni da wani nau'in ciwon shawara duk ta wannan hanya suke shiga. Abin takaici ne a ce unguwar da ke maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tana kai masa marasa lafiyar da buhun siminti biyu ko uku zai iya hana su kwanciya.

Gane yoyo ba ya bukatar na'ura mai tsada. Alamun farko a fili suke: wari da ba ya gushewa ko an wanke bayan gida, damshi a wurin ramin cikin rani, ciyawa kore shar a inda ko'ina ya bushe, daɓen da ya fara lotsawa ko tsagewa, bangon da ke jiƙewa daga tushe fentinsa yana ɓarewa, da ruwan rijiyar da ya sake launi ko ɗanɗano ko ya fara kumfa. Wanda ya ga ɗaya daga cikinsu sai ya sa a ɗaga murfin tankin a duba daga sama. In ruwan yana ƙasa da bakin bututun fita alhali ba a yi yasa kwanan nan ba, tankin na yoyo. In ya haura bakin bututun, hanya ce ta toshe ko rami na biyu ya daina tsotsa. Don a tabbatar, sai a zura sanda a yi alama, a daina amfani da bayan gidan kwana ɗaya, a sake aunawa; duk raguwar da aka gani ƙasa ce ta shanye. In kuwa tankin yana cika da sauri a watan Agusta lokacin da ruwan sama ya yi yawa, to ta tsagar da ruwa ke shiga da damina, ta nan ƙazanta ke fita da rani.

Ana iya zuba ruwan rini mai kauri a masai a sa ido a kan kwata da rijiya. In launin ya bayyana, magana ta ƙare. Amma rashin bayyanarsa ba ya wanke ramin, domin ƙwayoyin cuta ba su da launi. Hukuncin ƙarshe na ɗakin gwaje-gwaje ne, inda ake neman ƙwayar cutar da ke nuna bahaya ya taɓa ruwa, da kuma sinadarin naitiret wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya ba. Shi wannan sinadari yana da haɗari ga jarirai, kuma tafasa ruwa ba ya kawar da shi.

Musabbabin yoyon sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gini. Akwai bulon da aka ƙwange wa siminti, akwai tankin da ba a zuba wa kankare a ƙasa ba da gangan don kada ya cika, akwai saiwar darbejiya da ke kutsawa ta mahaɗar bututu, akwai kuma ramin da aka gina a ƙofar gida ana ajiye mota a kansa. Daɗin daɗawa, leda da tsumma da ƙunzugun jarirai da ake jefawa masai su ne ke toshe hanya.

Gyaran ma ba boyayye ba ne. A yashe tankin tukuna, a wanke shi, a bar shi a buɗe ya sha iska sosai. Sa'an nan a sassaƙe tsagar a faɗaɗa ta, a cike ta, a shafe bangon duka da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku wanda aka sa wa maganin hana ruwa ratsawa. A liƙe kewayen bututun shiga da na fita, a sauya wanda ya fashe, a zuba kankare a ƙasa in babu, a yi murfi mai rodi, a kafa bututun fitar da iska. Bangon da ya karkace ko ya ruɓe ba ya karɓar faci, rushewa ake yi a sake. Rami na biyu da ya toshe kuma sai a haƙa sabo can nesa da rijiya. Zuba kananzir ko ruwan batir ba magani ba ne, yana kashe ƙananan halittun da ke narkar da ƙazantar ne, ya kuma ƙara wa ruwan ƙasa guba.

A nan wajibi ne a ja kunne da babbar murya. Iskar da ke taruwa a ramin bahaya tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, tana kuma kama wuta. Kada a kunna ashana a bakinsa, kada a tura yaro ko almajiri ciki, kuma in wani ya faɗa kada a bi shi da gaggawa, a kira Hukumar Kashe Gobara. Sau da yawa mai ceto ne ke zama gawa ta biyu.

Nauyin ba a kan magidanta kaɗai yake ba. Ya kamata Hukumar Tsara Birane ta KNUPDA ta riƙa duba mazaunin rami da na rijiya kafin ta amince da zanen gini, ta kuma ga tankin kafin a rufe shi. Ƙaramar Hukumar Tarauni ta ba duba-gari kayan aiki su koma shiga gida-gida kamar da, su haɗa da dagatai da masu unguwanni wajen sasanta maƙwabta, da tilasta wa masu gidajen haya gyara maimakon su bar 'yan haya da wari. Ma'aikatar Muhalli da Hukumar REMASAB su tanadi wuraren zubar da abin da aka yaso, su yi wa masu motocin zuƙa da masu yasa da hannu, waɗanda ake yi wa laƙabi da "gidan kowa da akwai", rajista da horo da kayan kariya. Masu buɗe raminsu cikin kwata da dare in ana ruwan sama kuwa, doka ta hau kansu. Yaƙin hana bahaya a fili da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2019 ba zai cika ba in masan da aka gina suna zubar da abin da suka tara cikin rijiyoyi.

Asabar ɗin ƙarshen wata da aka keɓe don tsaftar muhalli dama ce. Bayan share ƙofar gida da yashe kwata, kowane magidanci ya ɗaga murfin raminsa ya auna, tun kafin damina ta kankama. Masu iya magana sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kuɗin yasa da na birkila da ake gudu yau, shi za a biya gobe a kantin magani ninki-ba-ninki, wani lokacin ma har da ran yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.