Farautar dilan Amurka: kira, iska da harsashi

A dazuzzukan Amurka akwai wata dabba da ake ce ma koyoti. Ɗan'uwan dila ne, sai dai ya ɗara shi girma, don ƙosasshe yakan kai kilo 20. Makiyayan tumaki sun daɗe da ɗaukarsa abokin gaba, har majalisar ƙasar ta yi doka a 1931 wadda ta ba ma'aikatar noma izinin yaƙarsa. Aka yi da tarko, aka yi da guba, kafin shugaba Nixon ya hana zuba guba a filayen gwamnati a 1972. A 2012 jihar Yuta ta sa ladan dalar Amurka 50 bisa kowane kai, kimanin jika 25 na sefa a canjin lokacin.

Maharbin koyoti ba ya bin sawu, kira yake yi. Da asuba zai samu gindin wani kurmi ya jingina, ya busa wani ɗan usur mai kwaikwayon kukan zomon da ya shiga hannu. Masu hali sukan aje na'ura mai batir can nesa da su, domin idon dabbar ya tafi wajen ƙarar. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin barbara, kukan baƙon namiji ake yi, sai mai wurin ya taso da kishi.

Amma wuyar aikin tana ga iska. Koyoti ba ya yarda da kunnensa sai hancinsa ya shaida: yakan kewaye ta inda iska ke kaɗawa ya sansana, in ya ji warin mutum ya ɓace, kuma da wuya wannan usur ya sake ruɗinsa. Saboda haka gwani yakan zauna inda zai hangi wannan gefen, in minti 20 ko 30 sun shige ba motsi, ya tashi ya sake wuri.

Zancen bindiga kuwa, gardama ce wadda ba ta ƙarewa. A fili fetal an fi son .22-250 Remington, wadda harsashinta bai kai giram 4 ba amma yana gudun fiye da mita 1000 a daƙiƙa, ya kai mita 300 bai sunkuya sosai ba. Ita .223 Remington ba ta kai ta nisa ba, sai dai kartushinta ya fi araha, bakin bindigar kuma ya fi daɗewa, abin da ɗan kasuwa zai gane nan take. Mai .243 Winchester ba ya tsoron iska, amma yakan ɓata fata. Cikin duhuwa, inda dabbar ke ɓullowa ƙasa da mita 40, kalibar 12 mai manyan ƙwayoyi ta wadatar. A Kalifoniya an hana farauta da harsashin darma tun Yulin 2019.

Fatar hunturu ita ce mai kuɗi, ko da yake kasuwarta ta yi sanyi bayan kamfanin Canada Goose ya bayyana a 2021 cewa zai daina sa ta a rigunansa.

Duk da dubban da ake kashewa kowace shekara, koyoti bai ragu ba. Da aka ƙarar da kyarkeci a yawancin jihohi, shi ya gaji wurin. Inda aka matsa masa kuma, abinci kan yalwata ga waɗanda suka saura, mace ta haifi ƴaƴa da yawa. Yau yana kowace jiha ban da Hawayi, har cikin birnin Shikago. Shi ya sa wasu makiyayan Tekzas suka koma ga dabarar da ba ta cin harsashi: suna sa jaki guda cikin garken tumaki, shi kuwa ba ya shiri da duk wani dangin kare, da haƙori da kofato yake tarbarsa.